Kalandar da ke bayan ƙunshin iri ba ta Zariya ba ce

Duk ƙunshin irin fure da ya ƙetaro teku ya iso ƙasar nan yana tafe ne da kalandar ƙasar da aka ɗaure shi. A bayan takardar za a ga an rubuta cewa a shuka a watan Maris ko Afrilu, bayan sanyin ƙanƙara ya wuce, a sa ran fure daga Yuli zuwa Satumba. Wanda ya rubuta haka bai yi ƙarya ba, sai dai da mutumin Ingila ko Holan yake magana. Magidancin Samaru ko uwargidan Sabon Gari da suka bi wannan umarni sau da ƙafa za su zuba irinsu a tsakiyar bazara, ɗan abin da ya tsira daga zafi kuma marka ta ƙarasa shi. Daga nan sai a yanke hukunci cewa mataccen iri aka sayar musu, ko kuma a ce ƙasarmu ba ta karɓar fure, alhali lokaci kawai aka kuskure.

Tun da damina ta fara naɗe tabarmarta, filin namu na wannan mako zai ɗauki fure guda ɗaya ya bi shi daga ƙwaya har zuwa ƙwaya, domin a kansa wannan kuskure ya fi fitowa fili. Masana tsirrai suna kiransa Scabiosa. Turawan Ingila kuwa sun kamanta shi da ɗan matashin nan da tela ke soke allurai da fil a jikinsa, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a layin teloli na kasuwar Sabon Gari zai gane kamancen da kallo ɗaya. Abin da ido ke ɗauka fure guda ne, a haƙiƙa tarin ƙananan furanni ne da suka cunkushe suka yi tozo, siraran zaruruwa masu ɗauke da garin fure suka tsattsago ta samansu kamar kawunan fil. Faɗin kan bai cika wuce santimita 5 ba, yana kuma tsaye a kan siririn kara mai tsawon santimita 60 zuwa 90. Akwai fari, akwai ruwan hoda, akwai shunayya, akwai kuma wani ja mai duhu da ya kusa komawa baƙi, wanda saboda shi ne Faransawa ke kiransa furen mai takaba. Baƙo ne a wurinmu, ba shi da suna a bakinmu, saboda haka mu ari wancan kamance mu kira shi matashin allura.

Sunan nasa na Latin daga kalmar ƙazuwa ya samo asali, domin Turawan da suna amfani da danginsa wajen neman maganin wannan ciwo. Na kawo wannan ne don tarihi kurum; mai ƙazuwa ya nufi asibiti.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai shuka shi ne mahaifarsa. Jinsin da aka fi sayar da irinsa, Scabiosa atropurpurea, ɗan ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum ne, kudancin Turai da arewacin Afirka. Yanayin can kuwa kishiyar namu ne: ruwan sama yana sauka a lokacin sanyi, lokacin zafi kuma ƙasa ta bushe ƙayau. Tsiron da ya saba da haka yana son ya tsiro cikin sanyi-sanyi, ya yi girma saiwarsa ba ta kwana cikin ruwa ba, ya yi fure cikin busasshiyar iska. Abin da ba ya jurewa shi ne zafi da laima su haɗu masa a lokaci guda, wato ainihin abin da daminarmu take. Samaru tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba, Agusta kuma ya fi kowane wata. A irin wannan lokaci saiwar matashin allura ruɓewa take yi, ganyen ya yi fumfuna, karan ya kwanta.

To yaushe Zariya ke yin kama da Bahar Rum? A hunturu. Garin yana bisa tudu, kusan mita 680 sama da teku, kuma a Disamba da Janairu sanyin dare kan sauko wajen digiri 14, wani lokaci ƙasa da haka, rana kuma ta tsaya kusa da 30, iska ba laima. Ruwan da tsiron zai sha a hannunka yake, kai ke ba shi gwargwadon buƙata. Wannan ba sabon ilimi ba ne a ƙasar Zazzau. Masu lambu a fadamun Galma da Kubanni da Shika sun daɗe da sanin cewa latas da karas da kabeji, waɗanda su ma asalinsu na ƙasashen sanyi ne, da hunturu suke kyau. Manomin alkama a Kadawa ya san cewa idan Nuwamba ta wuce, farkon Disamba ya bi bayanta bai shuka ba, zafin Maris zai riski alkamarsa tana zuba ƙwaya, ya tashi da ƙaiƙayi. Abin mamaki shi ne, mu da muka yi boko mun fi gaskata takardar da aka buga a Turai a kan tsohon da ke jan ruwa a bakin rafi. Idan ana son sanin ranar shuka wannan fure, a tambayi mai lambu ranar da yake yafa irin latas.

Lissafin ba shi da wuya, daga baya ake faro shi. Matashin allura yana buƙatar kwana 90 zuwa 100 daga shuka zuwa furen farko. Zafin Zariya kuma yana fara tsananta ne daga ƙarshen Fabrairu, Maris da Afrilu su haura digiri 35. Wanda ya shuka ranar 1 ga Nuwamba, kwana ɗarinsa zai cika ranar 9 ga Fabrairu, ya sami makonni yana yankar fure kafin bazara ta kankama. Wanda ya yi jinkiri har 15 ga Disamba, sai 25 ga Maris kwanakinsa za su cika, a lokacin kuwa tsiron ta kansa yake yi. Saboda haka ƙofar a buɗe take daga makon ƙarshe na Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, kuma gara a shiga da wuri.

Akwai dalili na biyu da ya sa nake cewa da wuri. Furannin Turai da dama tsawon yini ne ke zaburar da su su yi toho, a can kuwa yinin lokacin zafi yakan kai awa 16. Mu da ke digiri 11 arewa da tsakiyar duniya, yininmu a Disamba bai wuce awa 11 da rabi ba, ko a Yuni ma bai kai 13 ba. Don haka kada mai shuka ya karaya idan kwana ɗari sun cika yana ganin ganye kawai, ko karan ya fito gajere bai kai na hoton da ke jikin takarda ba. Makonni biyu ko uku da ya sayo wa kansa da shukar wuri, a nan za su yi masa rana.

Wajen sayen iri ma a duba sunan da kyau. Scabiosa caucasica, wanda hotonsa ya fi ɗaukar ido saboda manyan furanninsa shuɗaye, ɗan duwatsun Kokasas ne mai rayuwa shekara da shekaru, yana da jinkirin fure, kuma da wuya ya ƙetare daminarmu. A bar wa mutanen Jos da Mambila su gwada. Wani ɗan'uwansa, Scabiosa columbaria, yana fitowa da kansa a Afirka, amma a tsaunukan Habasha da gabashin nahiyar har zuwa Afirka ta Kudu, abin da ke ƙara nuna cewa dangin nan masu son sanyi ne. Wanda ya dace da mu shi ne atropurpurea, a ɗauke shi a matsayin shukar kaka ɗaya, kamar yadda ake ɗaukar tumatir. Kafin a ɓata ƙasa da ruwa, a gwada irin: a ɗebi ƙwaya goma a naɗe cikin tsumma mai danshi, a ajiye a wuri mai sanyi cikin ɗaki, a riƙa yayyafa masa ruwa. Idan bayan mako biyu biyar ko shida sun fasa, irin yana da rai. Idan ɗaya ce ko babu, zafin shago ko na hanya ya riga ya kashe shi, domin iri ba ya son ajiya a inda rana ke dukansa.

Sai ƙasa, kuma a nan Samaru tana da halinta. Ƙasar wannan yanki mai laushin gari ce, ba ta da yalwar ruɓaɓɓen ganye, tana da ɗan tsami, sannan idan ruwa ya dake ta rana ta biyo baya sai samanta ya yi ɓawo mai tauri. Ƙwayar masara tana da ƙarfin fasa wannan ɓawo. Ƙwayar fure ba ta da shi. Wannan ne ya sa ban ga hikimar zuba irin kai tsaye a fangali ba. A rene shi a mazubi tukuna. Ledar fiya-wata da aka yanke bakinta aka huda gindinta ta isa, haka gwangwanin madara ko tsohon kasko. A haɗa kashi biyu na ƙasa, kashi ɗaya na yashi, kashi ɗaya na takin shanu da ya ruɓe sarai har ya daina wari, a tankaɗe da rariya. Matashin allura ya fi son ƙasar da ba ta da tsami, saboda haka ɗan barbaɗen tokar murhu yana taimakawa, amma barbaɗe na ce, cikin tafin hannu ɗaya ga bokiti guda. Ɗanyen kashin kaji kuwa a nisanta shi, ƙone saiwa yake yi.

Ƙwayar tana da wata siffa kamar ɗan mazurari mai geza. A ɗora biyu a kowane mazubi, a rufe da ƙasa sama-sama yadda da ƙyar za ta ɓuya, domin binnewa da zurfi na hana ta fitowa. Ta fi son tsiro a zafin digiri 18 zuwa 21, ranakun ƙarshen Oktoba kuwa sun fi haka nesa, don haka a ajiye mazuban a inuwa mai haske, gindin mangwaro ko barandar da rana ba ta shiga da azahar, sanyin dare ya yi sauran aikin. Cikin kwana 10 zuwa 14 za a ga tsiro. Daga ranar a matsar da su inda hantsi zai same su, in ba haka ba su yi tsawo a banza su faɗi. Ruwa da safe, da buta mai ƙananan huji. Ƙasa ta yi danshi, kada ta yi caɓi. Yawancin tsiron da ke mutuwa a wannan mataki kirki ne ke kashe su: an cika musu ruwa, wuyansu ya ruɓe daidai bakin ƙasa.

Babu littafin lambun Turai da zai gargaɗe ka game da ƙadangare, amma a tsakar gidan Bahaushe da rani, lokacin da kore ya yi ƙaranci, shi da kaji ne manyan abokan gaba. Tsohon gidan sauro da aka ɗaura a kan 'yan sanduna ya wadatar. Akuya kuma ba sai an faɗa ba.

Bayan mako huɗu zuwa shida, idan tsiron ya yi ganye huɗu ko shida na gaske, sai dashe. A yi shi da la'asar sakaliya, a yaga ledar a sa shi da ƙasarsa ba tare da an taɓa saiwa ba, tsakanin kowane biyu santimita 25 zuwa 30. Takardar iri za ta ce a ba shi rana daga safe har yamma. Ranar Ingila take nufi. A nan wurin da ya fi shi ne gabashin katanga, inda zai sha rana daga fitowarta zuwa azahar, katangar ta kare shi daga ta yamma. Sai dai iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗawa, karan furen kuma siriri ne, don haka a kafa ɗan guntun zana ta wannan kusurwa, a kuma soka tsinken kara ko reshe kusa da kowane tsiro ya jingina. A shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa a gindinsu don riƙe danshi, ana lura da gara. Idan tsiron ya kai kamar tsawon taƙi, a tsinke kansa da farce. Da ciwo a yi wa abin da aka rena haka, amma shi ke sa ya yi rassa da yawa maimakon kara ɗaya. Takin zamani kaɗan ya isa, yuriya kuwa ganye za ta tara maka. Idan darɓa ta taru a ƙarƙashin ganye, a wanke ta da ruwa ko a fesa jiƙon 'ya'yan dalbejiya da yamma, bayan ƙudan zuma sun koma.

Yanzu sai tambayar da na san tana bakin mai karatu: a wannan tsadar rayuwa, wa ke da ruwan ba fure? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba daidai take ga kowa ba. Samaru da Sabon Gari ƙaramar hukuma ɗaya ce, amma mazaunin gidajen ma'aikatan jami'a mai fili gaba da baya daban, ɗan haya a Muchiya ko Chikaji da ke da tsakar gida ta siminti yana sayen ruwa a wurin 'yan ga-ruwa daban. Mu yi ƙiyasi. Fangali mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya yana ɗaukar tsiro tara zuwa goma sha biyu, kuma a busasshiyar iskar hunturu zai sha kamar lita 5 zuwa 7 a yini. Jarka mai lita 25 ke nan duk kwana huɗu, wajen jarka talatin a wata huɗu. Kowa ya buga da farashin jarka a unguwarsu. Ga wanda abin ya yi wa yawa, akwai ruwan da muke zubarwa kullum ba da lissafi ba: na alwala, na wankin shinkafa da kayan miya, na ɗaurayar ƙarshe. A tara a bokiti, ya ishi tukwane biyar ko shida. Ruwan wanki mai garin sabulu ne kawai bai dace ba, gishirinsa yana taruwa a tukunya ya kashe saiwa.

A ganina, wanda mita ɗaya kacal yake da ita, alayyafo da yakuwa sun fi cancanta da ita, ba na jayayya a kan wannan. Amma fure a gefen kayan miya ba almubazzaranci ba ne. Matashin allura yana da ruwan zaƙi da yawa, ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi ba sa barinsa, kuma yana buɗewa ne a tsakiyar rani lokacin da daji ya bushe. Kabewa da kokwamba da kankana ba sa 'ya'ya sai ƙwari sun kai garin fure daga namiji zuwa mace. Mai su a gida ya san amfanin abin da zai jawo zuma. Ban da wannan, gidajenmu da wuraren bukukuwanmu sun cika da furen roba mai tara ƙura, har yara da yawa sun tashi ba su taɓa ganin toho ya buɗe a gabansu ba. Wannan kuwa idan aka yanke shi da sassafe, kan ya buɗe rabi, aka sa a kofin ruwa, yana kai kusan mako. Yankan ma shi ke ƙara shi: duk kan da ya bushe aka bar shi, tsiron zai ɗauka aikinsa ya ƙare ya koma yin iri.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne a ce a Samaru ake laluben irin wannan bayani a bayan takardar Turawa. Tun 1922 ake binciken noma a wannan gari, kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 Cibiyar Binciken Aikin Gona ta koma ƙarƙashinta. Sunan garin yana manne da irin da manoman Arewa ke shukawa: SAMMAZ na masara, SAMPEA na wake, SAMNUT na gyaɗa, SAMSORG na dawa, SAMCOT na auduga. Gaskiya ne aikin da aka ɗora wa cibiyar na abinci ne da amfanin gona na sayarwa, furanni kuma suna hannun NIHORT ta Ibadan, wadda aka kafa a 1975, mai reshe a Bagauda ta jihar Kano. Amma bayanan ruwan sama da na zafi da na ƙasa na shekaru masu yawa suna nan a Samaru, jami'a tana da lambun tsirrai, NAERLS kuma aikinta ke nan isar da sakamakon bincike ga jama'a, har da harshen Hausa. Shafi biyu da za su gaya wa mai gida wane fure ne na hunturu, wanne ne na damina, a wane mako ake shuka kowanne a Zariya da Kano da Katsina, ba za su gagari waɗannan hukumomi ba. Ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta kundin kammala digiri a kansa, ga shi nan a ƙofar gida: ya shuka iri ɗaya a ranaku huɗu mabambanta daga Oktoba zuwa Disamba, ya ƙirga kwanakin fure da tsawon kara, ya rubuta mana da Hausa.

Masu saƙon iri daga waje kuma su sani cewa shigo da iri yana buƙatar izinin hukumar killace kayan gona ta ƙasa, kuma dokar ba don wahalarwa aka yi ta ba. Wannan furen da muke lallaɓawa a nan ya zama ciyawa mai mamaye bakin hanya a kudancin Ostareliya da jihar Tekzas ta Amurka, inda yanayi ya yi masa daɗi. Daminarmu ba za ta bar shi ya yi haka ba, amma wani baƙon tsiron za ta bar shi. Kainuwar nan mai shuɗin fure da ta toshe hanyoyin ruwan Legas tun shekarun 1980, daga Kudancin Amurka ta fito, kuma don kyanta aka fara yaɗa ta a duniya.

Idan Maris ya shigo, zafi ya fara karya tsiron, a daina yanka a bar kawunan ƙarshe su bushe a jikinsa har su yi ruwan ƙasa. Ba kowane tsiro za a ɗebi irinsa ba. Tun a Fabrairu a ɗaura zare a jikin waɗanda suka riga sauran yin fure, da waɗanda suka fi daɗewa tsaye da zafi ya zo, daga su za a tara. A ƙaramin mataki, wannan shi ne zaɓen da masu binciken iri ke yi a gonakin gwaji, kuma wanda ya dage a kai shekara uku ko huɗu zai wayi gari da irin da ya fi na takarda sabawa da Zariya, ko da yake launukan za su gauraya, tun da zuma ba ta tambayar fari ko ja. A murje kawunan a faranti, a bushe su a inuwa mako guda, a zuba a ambulan, a rubuta ranar shuka da ranar furen farko a bayansa. Ambulan ɗin ya shiga kwalba mai murfi tare da ɗan gawayi ko busasshiyar shinkafa da za ta tsotse laima, a ajiye a ɗakin da ya fi sanyi har marka ta wuce. Fangalin kuma kada ya zauna banza da damina: ziniya da kosmos, waɗanda asalinsu Meziko ne, zafi da ruwa ba sa damunsu, za su riƙe wurin har ƙarshen Oktoba.